Autanmu ya ce digirin kiɗa zai cike a JAMB, Baba ya ce ba a gidansa ba

Yayan Auta: Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema kuma da gaske nake, kar a maida abin wasa. Autanmu ne ya gama sakandare bana, sakamako ya yi kyau Alhamdulillah, to da aka zo maganar cike JAMB sai yaro ya ce shi kiɗa zai karanta a jami'a. Baba ko gama sauraronsa bai yi ba ya ce a zuri'armu babu maroƙi kuma ba a kansa za a fara ba. Yau kwana shida yaron nan ba ya cin abincin kirki. Na san tun yana aji uku yake liƙe a situdiyon yayan abokinsa, fiyano kuwa in ya ji waƙa sau ɗaya zai bi ta da hannu, babu wanda ya koya masa. Tambayata ita ce, wai me ake koya wa mutum har shekara huɗu a kan kiɗa, me ake nema kafin a ɗauke shi, in ya gama kuma ina ya nufa? Ni zan zauna da Baba ranar Juma'a, bana son in je da baki kawai babu hujja.

Dan Zoo Road: Wslm yallabai. gaskiya daya ce, in kida yakeso ya zo situdiyo ya zauna wata shida ya iya FL Studio manhajar hada kida a kwamfuta, ya iya miksin wato daidaita sauti, shikenan ya fara karbar aiki. ni shekarata tara ina wannan sana'a ba wanda ya taba tambayata satifiket, mawaki in yazo kunnensa yake kawowa ba takarda yake dubawa ba. Shata wace jami'a yayi? amma jami'ar ce da kanta ta kirashi ta bashi dakta

Hajiyar Gwammaja: Ni dai ɗana ka ji tsoron ranar neman aure. Mu nan mun san yadda ake, ana zuwa bincike aka ce ɗan kiɗa ne sai ka ga iyayen yarinya sun fara sanyi. Babanku ba ƙin yaron yake ba, abin da zai je ya dawo yake hangowa.

Malama 'Yar Jos: Yaya sannu da ƙoƙari, ba kowane wa ne zai tsaya ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci ba. Ni wannan digirin na yi, a kudu, yanzu ina koyarwa a sakandare kuma ina da ɗalibai na gida da yamma. Bari in faɗa maka yadda abin yake, zan ɗan yi tsawo a yi haƙuri.

Abu na farko da za ka kai wa Baba shi ne, ba waƙa ake koya wa mutum ya je ya tsaya gaban mai kuɗi ba. Sam. Karatu da rubutu ake koya masa, amma na sauti. Kamar yadda mutum zai iya Hausa tun yana nono amma sai ya shiga aji kafin ya iya ɗaukar biro ya rubuta wasiƙa, to haka ƙaninka yake yanzu, yana jin yaren yana magana da shi amma bai iya rubuta shi ba kuma in an rubuta an ba shi ba zai karanta ba. Akwai rubutun kiɗa da ake yi a kan layuka biyar, kowane ɗigo da inda ya zauna yana gaya maka wane sauti ne, siffarsa kuma tana gaya maka tsawon da za ka riƙe shi. Wanda ya iya wannan in ka miƙa masa takarda daga Jamus ko Japan zai zauna ya kaɗa abin da wani ya tsara shekara 300 da suka wuce ba tare da ya taɓa ji ba.

Shekarar farko tushe ne zalla. Sautuka bakwai na do re mi, da yadda suke zama goma sha biyu in ka haɗa da baƙaƙen maɓallan fiyano, ƙidayar bugu, da horon kunne wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Malami zai zauna a fiyano ya juya muku baya ya kaɗa wani ɗan layi sau uku ko huɗu, kowa ya rubuta abin da ya ji. Ko a ba ka takarda da ba ka taɓa gani ba a ce rera. A shekara ta biyu da ta uku ake shiga haɗin muryoyi, yadda za ka tsara wa muryoyi huɗu waƙa ɗaya, biyu na mata biyu na maza, kowacce da hanyarta amma su tafi tare babu karo, kuma akwai dokoki kamar lissafi, ka karya ɗaya malami ya zagaye maka da jan biro. Sai tarihin kiɗan Turai zamani bayan zamani, sai kiɗan Afirka wanda shi ma kwas ne mai zaman kansa kusan kowace shekara, sai yadda ake raba waƙa wa kayan busa da na tsarkiya da na bugu, sai yadda ake tsayawa gaban ƙungiya a ja ta da hannu.

Bayan duk wannan dole ka zaɓi kayan kiɗa guda da zai zama naka, ko murya, sannan na biyu na taimako, fiyano kuwa kowa sai ya taɓa ko da ba shi ne naka ba. Kuma dole ka shiga ƙungiya, ta rera waƙa ko ta badujala ko ta kayan gargajiya, maki ake bayarwa a kai. Duk ƙarshen zango za ka tsaya kai kaɗai gaban malamai uku ko huɗu ka kaɗa, nan babu leƙen takardar maƙwabci, hannunka ne da Allahnka. A shekarar ƙarshe kowa ya kama ɓangarensa, wani ya tsara sabon kiɗa ya rubuta shi, wani ya yi wasan kammalawa a bainar jama'a, wani ya shiga ƙauye ya yi bincike ya rubuta kundi.

Yayan Auta: Ikon Allah. Malama wallahi ban taɓa zaton abin ya kai haka ba. To ya maganar shiga?

Malama 'Yar Jos: Kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, kar ya wuce zama biyu, in yana da lissafi ma ya fi kwanciyar hankali. A JAMB Turanci ne da darasin kiɗa da wasu biyu, amma ku buɗe kundin JAMB ku duba jami'ar da yake so don kowacce tana da nata ƙarin sharaɗi, wasu suna karɓar wanda bai yi kiɗa a sakandare ba. Shekara huɗu ne. Wanda ya shigo da NCE ta kiɗa ko difloma yana farawa daga aji biyu, shekara uku kenan. Sannan abin da mutane ba sa shiryawa shi ne gwajin da sashen da kansa yake yi, za su ce kaɗa mana ko rera mana, su buga sauti su ce maimaita, su tafa hannu su ce bi. Ƙaninka wannan ba zai ba shi wahala ba in yadda ka faɗa ne. Takardar ce matsalarsa.

Kuma in faɗi gaskiya, yawancin waɗanda zai tarar a aji sun taso ne a ƙungiyar mawaƙan coci, tun suna yara suke karanta solfa, wato rubutun do re mi, wasu ma sun yi jarabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila mai mataki takwas kafin su zo. Shi zai shiga ne a bayansu. Ba abin tsoro ba ne amma kar a ɓoye masa.

Dan Zoo Road: to kunji ai. shekara hudu kana koyon kidan turawan da suka mutu, ka dawo Kano wa zai saya? anti da girmamawa, ni nasan ki din waka wato matakin sautin da take kai, nasan kod dina wato sautukan da ake dannawa tare, mawaki ya rera na gano inda yake na dora masa. me takarda zata kara min

Malama 'Yar Jos: Ƙanena ban raina abin da kake yi ba, kunne irin naka wasu har su gama digiri ba su same shi ba. Amma bari in tambaye ka, in aka kawo maka fim aka ce ana son kiɗan da zai bi labari tun daga farko har ƙarshe, da masu busa shida da masu goge huɗu a ɗaki ɗaya gobe da safe, ya za ka gaya wa kowannensu abin da zai yi? Sai ka bi su ɗaya ɗaya kana rera musu. Mai takarda zai raba musu shafi su zauna su kaɗa. Kuma ka saurari waƙoƙin da ke fitowa a situdiyoyinmu da kunnen basira, da yawa zagaye ɗaya ne na kod uku ko huɗu ake ta juyawa, ba don yaran ba su da basira ba, iyakar abin da aka nuna musu kenan.

Dan Zoo Road: wannan kam gaskiya ne bazan musa ba, har ni yana damuna. amma kasuwa ce take jan mu

Abu Ammar: Ku yi haƙuri in shigo. Duk an yi maganar aure da kasuwa ba a yi maganar addini ba, alhali ita ce gaba. Ɗan'uwa kar ku tura yaro abin da zai zame masa nauyi gobe ƙiyama.

Mai Zaure: Malam Abu Ammar mun gode, magana ce mai muhimmanci. Amma kowa a nan ya san malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kuma duk ranar da aka buɗe wannan babin a zauren nan sai an kwana ana jifa. Iyalin suna da malaminsu, su kai masa. A nan mu tsaya kan abin da ya tambaya.

Abu Ammar: Na yarda, amma dan Allah Yayan Auta kar ka tsallake wannan matakin, ka je ka tambaya kafin a sayi fom.

Yayan Auta: In sha Allah Malam, ai Baba ma ba zai bari a tsallake ba.

Malamin Hausa: Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma maganar Shata da aka kawo ta taɓa ni. Gaskiya ne ABU Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma bai yi boko ba. Sai dai a tuna su Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa ba daga sama suka faɗo ba. Galibin makaɗan fada makaranta suka yi, ta gado, yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma ɗan amshi, ya yi shekaru yana riƙe ƙaramar ganga kafin a bar shi ya taɓa babba. Wannan ya fi shekara huɗu nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce yau ina wannan makarantar? 'Ya'yan gidan kiɗa da yawa sun kama wata sana'a, kuma ba na ganin laifinsu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Mu a sashen Hausa mun yi aiki a kan waƙar baka, kundaye ba iyaka, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na BUK ya ƙarar da rayuwarsa a nan. Amma me muke nazari? Baitoci. Turke, salo, zambo, habaici, kirari, tarihin mawaƙi. In aka zo kan sautin kansa sai mu rubuta cewa yana amfani da kotso ko taushi ko kalangu, mu wuce. Yadda kotson Narambaɗa yake shiga tsakanin jagora da 'yan amshi, inda yake jinkirtawa da inda yake gaba da murya, wannan ba mu da alƙalamin rubuta shi don ba a koya mana ba. Rabin waƙar muke adanawa. Ragowar rabin tana cikin tsofaffin kasakasai da faifan gidajen rediyo, su kuma suna lalacewa.

Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, shekara ɗaya da samun 'yanci. Ife tana da shi, Ibadan, Fatakwal, Uyo, Awka, Abraka. Shi ya sa za ka ga kiɗan Yarbawa da na Ibo an rubuta shi an tsara shi har ana kaɗa shi a manyan zauruka na duniya, mutane irin su Fela Sowande da Akin Euba da Laz Ekwueme suka yi wannan aikin. Mu a nan ABU da BUK sashen wasan kwaikwayo muke da shi. Wanda zai zauna da makaɗin kukuma ya rubuta abin da hannunsa ke yi, sau da yawa baƙo ne ya zo daga Turai ko Amurka. Don haka ni in na ji yaro Bahaushe mai kunne ya ce zai je ya koyo wannan ilmin, wallahi murna nake.

Malama 'Yar Jos: Malam ka gama magana. Kuma wani abu da ɗan Hausa zai fi kowa a kai, rubutun Turawa ba ya ɗaukar kiɗanmu cif cif. Goge da algaita suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, babu gurbinsu a layuka biyar ɗin sai ka ƙirƙiro alama. Kalangu kuma magana yake yi, makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, yana bin hawa da saukar kalmomin Hausa, shi ya sa mahauci ke jin takensa daga nesa ya san da shi ake. Wanda ba ya jin Hausa zai rubuta bugun daidai amma bai san me gangar ta ce ba. Lokacin da nake aji uku aka ba mu aikin rubuta wani kiɗan gargajiya daga kaset, ni na ɗauki na ƙwarya irin na su Barmani Choge, minti biyu kacal amma sati uku na yi a kansa ina mayarwa baya, kuma a nan na gane matan nan lissafin da suke yi da hannu ba ƙarami ba ne.

Af, na manta ban faɗa ba, Yaya ka nuna wa Baba manhajar JAMB ta darasin kiɗa. Sunayen Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗanƙwairo, Barmani Choge, Haruna Uje, Hassan Wayam, Garba Supa duk suna ciki a jerin makaɗan da ake so ɗalibi ya sani. Yaro a Enugu yana haddace su don ya ci jarabawa.

Yayan Auta: Allahu Akbar, wannan kam sai na buga ta a takarda na kai masa. Baba mutumin Ɗanƙwairo ne sosai, a motarsa ba a jin komai sai shi.

Hajiyar Gwammaja: Ai mu haka muke ɗana, muna son waƙa ba ma son ɗanmu ya zama mai yin ta. Ni ma da na yi maganar aure ba wai na ce daidai ba ne, abin da ke ƙasa na faɗa.

Na Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba ni wuri in sa baki. Mu nan Nijar akwai cibiya a Yamai, CFPM Taya, inda ake horar da makaɗa, kuma akwai ɗakin da anka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar. Marigayi Malam Maman Barka can ya yi aiki, shi da malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma makaɗin gurumi. Akwai wani abin kiɗa na Buduma masunta na tabkin Cadi, biram sunanshi, tsarkiya biyar, kamar jirgin ruwa yake. Saura tsoho guda ya rage mai iya shi. Malam Barka ya tashi ya tafi can ya zauna wurin tsohon ya koya, ya kai biram har Turai kafin ya rasu a 2018. Da bai tafi ba da yanzu sai dai a ga abin a rataye ba mai sanin yadda ake taɓa shi. To kayan kiɗa nawa ne a ƙasar Hausa ke kan wannan hanya? Yaushe rabon da ku ga shantu a gidan biki? Ku bar yaro ya yi karatu, amma ku ce mashi in ya koyo na Turawa ya dawo ma na gida.

Malamin Hausa: Madalla da mutumin Maraɗi. Kuma ƙofa a buɗe take yanzu, tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙasa NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ya ce kashi 70 daga hukuma, kashi 30 kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ranar da wata jami'a a ƙasar Hausa za ta buɗe wannan sashen, wa zai koyar da wannan kashi 30 ɗin in ba mu da namu masu digirin?

Baba Soja: Yaro ina gaishe ka. Ni tsohon soja ne, a badujala na yi aikina har na yi ritaya, ƙaho nake busawa. Ka gaya wa mahaifinku ni ban taɓa roƙon kowa sisi ba, albashi na ci kuma yanzu fansho nake ci, na aurar da 'ya'ya biyar. Soja na da makarantar kiɗa a Ojo ta Legas, sojan ruwa na da tasu a Ota, 'yan sanda ma na da badujala. Mu da muka shiga da hannu kawai mun tsaya a ƙananan muƙamai, waɗanda suka zo da digiri su ne hafsoshin da ke tsayawa gabanmu da sanda. Ranar faretin ƙasa in shugaba ya fito, takarda ce a gaban kowa, wanda bai iya karanta ta ba ba ya cikin layi. Amma in gaya maka gaskiya aikin yana son naci. Leɓena ya sha fashewa. Kullum sai ka yi atisaye, ka bar shi kwana uku shi ma ya bar ka.

Yayan Auta: Baba mun gode Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce irin maganar da mahaifinmu zai saurara.

Malama 'Yar Jos: Baba Soja ya faɗi abin da ya fi komai, naci. Kuma kar in yi ta yabo in ɓoye wahalar. Inda na yi karatu fiyano mai lafiya ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ɗalibai kuwa fiye da ɗari, sai ka tashi da asuba ka kama layi, in an ɗauke wuta kuma masu na lantarki sun tashi aiki. Kayan kiɗanka kai za ka saya, kuma ba araha. Aiki bayan gamawa shi ma ba a ajiye yake yana jiranka ba. Akwai koyarwa, makarantun kuɗi a Abuja da Legas da Kaduna suna neman malaman kiɗa sosai, akwai kayan sarki kamar yadda Baba Soja ya ce, gidajen rediyo da talabijin, hukumomin al'adu, kiɗan fim da talla, harkar haƙƙin mallaka tunda an sa hannu a sabuwar doka a 2023, ko ya ci gaba har ya zama malamin jami'a. Amma cikin 'yan ajinmu akwai waɗanda ke banki yanzu, akwai mai sayar da atamfa. Wanda ya shiga don kawai bai samu wani kwas ba shi ne ya fi shan wuya.

Dan Zoo Road: to ni shawarata a hada biyu. yaje yayi karatun, in anyi hutu yazo wajena ya ga yadda ake mu'amala da mawaka da kudi, don wannan ba'a koyar dashi a aji. nima ya nuna min karatun layukan nan, wallahi da gaske nake

Auta: Assalamu alaikum, nine kanin nasa, yaya ne ya sakani a zauren. na karanta komai tun daga sama. Nagode sosai Allah ya saka. ni ba mawaki nakeso in zama ba, muryata ma bata da dadi. abinda yake damuna shine ina jin abu a kaina, kamar goge da sarewa da fiyano suna tafiya tare, in na zauna zan fitar dashi sai rabi ya bace kafin in gama nemo shi. tun ina JSS nake fama da wannan. da anti tace akwai yadda ake rubutawa kafin ya gudu sai da naji hawaye. Anti dan Allah daga ina zan fara

Malama 'Yar Jos: Auta sannu, abin da ka faɗa shi ne ainihin dalilin wannan karatun. Ga shawarata kuma ka ji da kyau. Kar ka yi gaggawar bana in ba ka shirya ba, gara ka ba shi wata shida zuwa shekara. Ka nemi wanda zai zaunar da kai kan karatun layuka biyar, a Sabon Gari ba za ka rasa ba, ko cikin 'yan badujalar bariki. Kullum minti talatin na karatu, awa ɗaya na fiyano da hannu biyu, kuma ka daina danna maɓallin da ke sauya maka ki, ka koyi kowane ki da yatsunka don ranar gwaji fiyanon katako za su ba ka babu wannan maɓallin. Ka sauke manhajar JAMB ka bi ta layi layi. In digirin kai tsaye ya yi nisa ko Baba bai yarda da tafiya kudu ba, akwai NCE ta kiɗa a wasu kwalejojin ilimi, daga nan ka wuce aji biyu. Akwai kuma difloma ta makarantar kiɗa ta MUSON a Legas.

Sannan ka samu wani tsohon makaɗi a unguwarku, mai kalangu ko mai kukuma, ka riƙa zuwa kana gaishe shi kana zama. Ka je da ladabi da ɗan goro, kar ka je da waya a hannu kana ɗauka tun ranar farko.

Abu Ammar: Auta kar ka manta da abin da na ce wa yayanka. Kuma duk abin da za a yi, da yardar mahaifi.

Auta: in sha Allah malam bazan yi komai ba sai ya amince

Yayan Auta: Jama'a na kira Baba yanzu na ɗan taɓa masa, na ce akwai wani dattijo tsohon soja da nake so su yi magana. Bai ce eh ba bai ce a'a ba, ya dai tambaya wace bataliya ya yi. Baba Soja in babu damuwa zan turo maka saƙo ta gefe.

Baba Soja: Turo yaro. Amma ka ce masa bayan la'asar, da safe ina asibiti wajen awon hawan jini.

Malama 'Yar Jos: Auta na tura maka hoton shafi ɗaya, layi huɗu ne kawai. Ka rubuta sunan kowane ɗigo a ƙasansa da fensir ka dawo min da shi kafin Lahadi, kar ka taɓa fiyano sai ka gama.